Jitar Garikai Ta Tafi Kiwo

Mucheke, Masvingo
19 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana, Mukoma Takawira,

Shumba, zakin zuriyarmu, ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga babban wanta, na durƙusa na tafa hannu tun daga nan ko da ba ka gani. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Amai Tapiwa da yara, Allah ya sa gwiwar nan taka ta sassauta maka yanzu da sanyin Leeds ya kunno kai. Mu nan lafiya lau muke. Ruwan fari ya sauka ranar Talata, kowa ya bazama gona, ni kuma kasuwar gwanjona ta yi sanyi don babu mai tunanin riga sai iri da taki. Tsohuwarmu tana can ƙauye a Chivi da ƙarfinta, ido ne kawai ya rage, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. Kai ne ka hana ni, Mukoma, domin ba ka taɓa barin na kai ƙarshen magana ba tun muna yara, takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Ka nemi kujera ka zauna, labarin 'yarmu Ratidzo na kawo maka, kuma na murna ne.

Ka bar ta tana 'yar shekara goma sha ɗaya, mai ƙafafu kamar sillen kara, tana bin ubanta Garikai duk inda ya sa ƙafa. Yanzu shekarunta ashirin da biyu, kuma idan ka shiga kombi, ƙaramar bas ɗin haya, daga Mucheke zuwa cikin gari, da wuya ka sauka ba ka ji muryarta ba. Abin ya faro ne a gindin bishiyar da take yi wa mata kitso kusa da tasha. Tana kitso tana rera waƙoƙin da take rubutawa a wani tsohon littafin makaranta, har wata mai zuwa kitso ta ɗauke ta a waya tana yin waƙar layin ruwa. Waƙa ce a kan matan unguwarmu da ke jera bokitai a bakin rijiyar burtsatse tun da sassafe, ta bi bokitan ɗaya bayan ɗaya da launinsu, kowanne da halin mai shi: jan bokitin da ke tsallake layi, da shuɗin da mai shi ke ajiye shi ta koma barci. Kowace mace a Mucheke ta rantse ta san mai jan bokitin nan, kuma babu wadda ta ce ita ce. Cikin mako biyu waƙar ta bi wayoyi ta shiga motoci, daga nan gidan rediyon lardi ya kira ta hira, sai kuma aka ba ta fili a bikin baje kolin manoma da jitar aro ta cocinmu. Ina wurin, Mukoma. Na ga 'yan kasuwa sun bar rumfunansu, na ga wani ɗan sanda yana rausaya kai ya manta da aikin da ya kawo shi. Ni da na fi kowa cewa waƙa ba sana'a ba ce, ni ce na riƙa jan hannun mutanen da ban sani ba ina ce musu ni ce Tetenta, ubanta ƙanena ne ciki ɗaya.

Bayan bikin nan ne wata mata mai suna Fadzai Marufu, mai sutudiyo a Harare, ta neme ta. Mace ce mai kamun kai, ba irin masu ɗaukar yara su yi musu romon baka ba, na bincika ta sosai kafin na bari ta zauna a kujerata. Ta ce tana son ta ɗauki waƙoƙin Rati guda takwas, ta haɗa ta da makaɗanta, kuma makon farko na Nuwamba ne kaɗai makaɗan suke gari kafin su fita ƙasar waje. Muna cikin murna sai Rati ta kunna mata wani tsohon ɗauka da ke wayarta, wanda ta yi shekara biyu da suka wuce da jitar ubanta. Ka tuna jitar nan, da marafan kwalba da Garikai ya kafa mata a ciki don ta riƙa kacau-kacau irin na mbira, abin kiɗan gargajiyarmu, da tsirkiya ɗaya da ya yi da wayar birkin keke. Fadzai ta saurara sau uku, sannan ta ce wannan amon shi take nema shekara da shekaru, muryar Rati da wannan jitar tare aka halicce su, in babu ita waƙoƙin za su yi daɗi amma za su yi kama da na kowa. Rati ta dube ni, na dube ta, domin mu biyun mun san inda jitar take.

Shekara goma sha ɗaya a Ingila ba su isa su mantar da kai ba. Tun ranar da muka binne Garikai a Satumbar bara aka tattara kayansa aka ɗaure, jitar aka naɗe ta da bargonsa aka rataye a ɗakin tsohuwa, babu mai taɓawa sai an yi bikin dawo da ruhinsa gida an raba gado. Fadzai ta gwada dabara, ta sayi wata jita ta sa aka kafa mata marafai, Rati ta ce da ta kaɗa sai ka ce ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Daga nan matar nan ta tuƙa motarta har Chivi da buhun sukari da man girki, ta durƙusa ta tafa hannu yadda ya kamata, ta roƙi tsohuwa aron jitar na kwana uku kacal. Tsohuwa ta karɓi sukarin ta gode, sannan ta ce mata, "'Yata, aro ai wurin mai abu ake nema. Mai ita yana daji tukuna, bai shigo gida ba. Wa kike so in tambaya miki?" Fadzai ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, Ambuya, wato kaka, ta shiga mota ta koma.

Abin da nake so ka sani game da yarinyar nan shi ne, ɗakin ba shi da kwaɗo, kuma ita ke share shi duk lokacin da ta je. Tsohuwa ba ta gani sosai, da ta sauke jitar ta cusa tsumma a bargon babu wanda zai sani sai bayan an gama komai. Ni kaina, Allah ya yafe mini, tunanin ya zo mini, har na ɗan yi mata shaguɓe a kai. Sai ta ce mini, "Tete, hannuna har ƙaiƙayi yake in na shiga ɗakin nan. Amma in na kwance ta, duk waƙar da na yi da ita zan riƙa jin kamar daga hannun Baba na fizge." Na ji kunya ƙwarai a ranar, na shiga ba ta labarin farashin tumatir.

Saura hanya ɗaya ke nan, a yi bikin kafin Oktoba ya ƙare, domin da Nuwamba ya kama, watan Akuya ya shiga, babu gidan da zai dafa giyar kakanni ko ya taɓa kabari sai ya fita, lokacin kuwa makaɗan Fadzai sun yi nisa. Mun jira ka a Agusta ka ce Satumba, a Satumba ka ce ba a ba ka hutu ba. Ban zarge ka ba, na san aikin asibitin can ba ya sakin mutum. Amma na je na sami ƙanenmu Chenjerai a gonarsa, na lissafa masa kwanakin a yatsu, giyar tamba kwana bakwai take so, ga aiken dangi, ga itace. Ya ce ba a yi ba tare da Mukoma ba. Na ce to ka kira shi. Ka tuna abin da ka ce masa, don ina gefe ina ji. Ka ce a yi bikin, ka yafe zuwa, amma jitar nan kada a ba yarinya, a ba Chenjerai ya rataye ta, ta ci uban ba za ta ci 'yar ba. Ban kwana da daɗi ba bayan maganar nan, kuma ban gaya wa Rati ba, na bar ta tana ta ɗebo ruwan dafa giya tana waƙa.

Asabar ta ƙarshen Oktoba muka yi. Dangi sun zo har daga Zaka da Gutu, gidan ya cika har bayan rumbu. Da gari ya waye muka je kabarin, aka zuba masa giya, aka kira shi da kirarin gidanmu, muka rako shi da waƙa har tsakar gida, mata na guɗa. Bayan an ci sadza, tuwonmu na masara, da naman sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, aka fito da kayan. Ɗana Kudzai ne ya tsaya a kai, tunda aikin ɗan 'yar'uwa ne, ya yayyafa musu ruwan magani ya shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin mai shi. Kwat ɗin coci ta tafi ga Sekuru Zindoga, ƙanen babanmu, wanda ya saka ta nan take cikin zafin nan ya ƙi cirewa. Akwatin sifanu ya tafi ga abokin aikinsa na gareji, kai kuma an ajiye maka sandarsa da agogo. Jitar ce ta ƙarshe. Kudzai ya kwance bargon ya ɗaga ta, ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa. Ya faɗi saƙonka kalma da kalma bai rage ba, ya miƙa wa Chenjerai. Sekuru Zindoga ya ƙara da cewa daidai ne, 'ya mace gobe za ta tafi gidan wasu, abin zuriyar Shumba ba ya bin ta can. Na saci kallon Rati. Ta tafa hannu tare da kowa yadda ake yi, fuskarta ba ta motsa ba, amma uwarta ta tashi ta shige madafa.

Ka san Chenjerai, hannunsa fartanya ya sani da igiyar shanu. Ya riƙe jitar kamar an ba shi jaririn wani, ya juya ta, ya taɓa tsirkiya ɗaya ta yi wani kuka maras daɗi don shekara guda tana rataye duk sun saki. Mutane suka yi dariya. Ya ce to shi ba zai rataye abu bai san ko yana da rai ba, wa zai ɗaure masa ita ya ji. Babu wanda ya iya ɗaurin Garikai, don ba irin na kowa ba ne, sai wadda ta zauna gefensa tun tana shekara tara. Rati ta taso da gwiwa ta karɓa. Ta daɗe tana murɗawa tana kai kunne. Da ta gama ba ta miƙa ba, ta ce, "Babamudiki, ƙaramin babana, in gwada maka ita?" Ya ce gwada.

Mukoma, a nan ne nake so a ce kana wurin. Da yatsunta suka sauka marafan nan suka amsa. Waƙa ta yi wadda ko ni ban taɓa ji ba, a kan ubanta yana dawowa daga gareji da warin man dizal, yana wanke hannu sau uku da sabulu kafin ya yarda ya taɓa jitarsa, yana ce mata abin da zai yi maka magana ba a taɓa shi da datti. Babu kuka a cikin waƙar, har da ban dariya, ta kwaikwayi yadda yake tari kafin ya fara baiti, mutane suka fashe da dariya hawaye na zuba. A ƙarshe ta jero kirarin gidanmu tun daga kakan kakanmu, ba ta tsallake ko ɗaya ba, abin da samarinmu da yawa ba za su iya ba. Maza suka shiga tafi, mata suka ɓarke da guɗa, uwarta ta fito daga madafa da muciya a hannu. Tsohuwa kuwa ta juya fuskarta wajen da amon ke fitowa ta ce a hankali, "Yanzu kam ya iso." Rati ta goge tsirkiyoyin da bakin zanenta, ta durƙusa, ta miƙa wa Chenjerai jitar da hannu biyu ta koma wurinta.

Chenjerai ya ɗora ta a cinya. Sannan ya tambayi Sekuru Zindoga ko jitar nan tasa ce yanzu halak malak. Sekuru ya ce taka ce. Ya ce to in mutum yana da saniya amma ba shi da makiyaya mai kyau, ba yakan kai ta wurin ɗan'uwa kiwo ba, kamar yadda ake yi tun kakanni, saniya ta mai ita, nono na mai kiwo? Sekuru ya ce haka ake yi. Sai ya juya ga Rati ya ce, "Ke, zo nan. Wannan saniyata ce, ban ba ki ba, kada ma ki sa a ranki. Kiwo na ba ki. Ki kai ta inda ciyawa take, abin da ta tatsa naki ne. Amma duk Agusta ki koro ta gida in gan ta da idona, ta yi kuka a tsakar gidan nan tsohuwa ta ji. In tsirkiya ta tsinke a gaya mini. Ranar da wani ya zo neman aurenki kuma, a faɗa wa mutanensa tun a bakin ƙofa cewa saniyar nan ba ta cikin lissafi, ta Shumba ce." Sekuru Zindoga ya sosa gemu cikin kwat ɗinsa yana zufa, ya juya maganar ta kowane gefe, ya ce shi dai bai ga inda aka taka al'ada ba, kuma bai ga inda aka taka maganar Takawira ba, don ba a ba yarinya ba. Ban san lokacin da na miƙe na shiga rawa ba, ni da ciwon bayana.

Kafin wani ya riga ni gaya maka, bari in faɗa da bakina. Ranar Juma'a ta jajibirin bikin muna wanke randunan giya, na tuna wa Chenjerai jar saniyar nan da babanmu ya kai wa kawunmu kiwo a Zaka shekarar fari, wadda ta yi shekara tara a can kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta Baba ba ce. Iyakar abin da na ce ke nan, hira ce kawai ta mutanen da suka tuna da. In ya ɗauki wani abu a ciki, kansa ne ya yi aiki. In kuma faɗa za ka yi, ni za ka yi wa, na saba.

Ranar biyu ga wata muka raka ta tasha. Kwandasta ya ce a ɗora jitar a saman mota tare da buhuna, Rati ta ce sai dai ita a ɗora ta a can, matan da ke cikin motar suka gane ta suka taso masa har ya ba da haƙuri, ya roƙi a ɗauke su hoto tare. Kwana shida suka yi a sutudiyo. Ta kira ni a rana ta farko tana magana da sauri har ba na gane ta, wai Fadzai ta sa an kawo abin ɗaukar murya na musamman an kafa a saitin marafan kwalban nan, wai mai gangarsu, dattijo da ya yi shekara talatin yana kiɗa, ya tambaye ta wane ne ya ƙera wannan abu, ta ce makanikin bas ne daga Chivi, ya cire hularsa. Ranar Juma'ar da ta wuce aka sa waƙar farko a gidan rediyon ƙasa da rana tsaka, ina kasuwa, muka taru a rumfar mai gyaran waya har hanya ta toshe. An riga an gayyace ta wasa biyu a Harare cikin Disamba, ɗaya a Bulawayo bayan sabuwar shekara, kuma jiya wasu 'yan mata suka tsayar da ni a layin ruwa suna tambaya ko gaskiya ne a gidana take kwana in ta zo gari. Na ce a kan tabarmata ma, kuma har yanzu ita ke wanke kwanoni.

Na san tsoronka, Mukoma, ba mugunta ba ce. Kai ka biya wa Garikai makaranta ya gudu ya bi makaɗa, kai ka sha ɗauko shi daga gidajen giya, kuma kun rabu ba ku shirya ba, wannan na san yana ci maka rai fiye da yadda kake faɗa. Amma ni na zauna da shi shekarunsa na ƙarshe, na ga abin da ya ci shi, kwalba ce da baƙin cikin cewa ya yi shekara talatin yana kiɗa ba wanda ya taɓa ɗaukar ko waƙarsa ɗaya. Jitar ita ce abu guda da yake riƙewa hannunsa ya daina rawa. Shi bai taɓa taka ƙofar sutudiyo ba har ya koma ga Ubangiji, amma jitarsa ta shiga, a hannun 'yar da ta jira shekara guda ba ta taɓa ta ba sai da aka ba ta izini a gaban kowa. Rati ta san abin da ka ce, ta ji shi a bakin Kudzai tare da duk dangi, kuma ba ta ce komai a kanka ba sai tambaya ɗaya da take yi mini duk lokacin da ta kira, ko Babamukuru, wato kai, ya yi fushi. Na gaji da ce mata ban sani ba. Lambarta tana bayan takardar nan, kai ne uban da ya rage mata babba, ka kira ta ka ba ta amsa da kanka.

Ka gaishe mini da Amai Tapiwa da kyau, ka ce mata na gode da maganin ciwon bayan, yana aiki. Ka gaishe da Tapiwa da Rumbidzai, ka ce Tetensu tana tambaya ko har yanzu suna jin yarenmu ko sai dai a yi musu da hannu. Tsohuwa tana sa muku albarka, ta ce ka zo tun tana iya gane ka da murya. Kudzai da matarsa suna gaisuwa, haka uwar Rati, Amai Ratidzo, da Sekuru Zindoga. Chenjerai kuma ya ce lallai in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: saniyarsa tana nan lafiya a wurin kiwo, ta sami ciyawa, har ta fara ba da nono.

Allah ya tsare mana kai, Shumba, ya dawo da kai gida da ƙafafunka.

Ƙanwarka mai yawan magana,
Shuvai